Yawan ƙwallaye ko jagoranci: Da wane ma'auni ya kamata a zaɓi gwarzon ɗan wasa?

A gidajen kallon ƙwallo na Kucheri da Tsafe, kamar na Gusau da Bunguɗu, akwai musun da ba ya ƙarewa: wa ya fi cancantar kyautar gwarzon ɗan wasa, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga, ko wanda ya riƙe abokan wasansa har aka kai ga nasara?

Musun ya wuce batun taurarin Turai. A gasannin makarantu da na unguwanni, wannan kyauta kan zama shaidar farko da matashi zai nuna wa masu neman 'yan wasa. Idan aka ba wanda bai cancanta ba, an tauye wani.

Hujjar masu ƙidaya

Masu goyon bayan alƙaluma suna da misali a gida. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Firimiyar Najeriya. A 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi.

A cewarsu, ƙwallon da ya shiga raga kowa ya gan shi, ba a musunsa. Jagoranci kuwa ba shi da sikeli, don haka mai son zuciya zai iya fakewa da shi ya ba nasa.

Abin da ya faru a Abidjan

Gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka kammala ranar 11 ga Fabrairun 2024 ta nuna ɗaya gefen. Emilio Nsue na Equatorial Guinea ne ya fi kowa cin ƙwallo, guda biyar, duka a wasannin rukuni. A zagaye na biyu ya zubar da bugun fenareti, Guinea ta fitar da su da ci 1-0.

Kyautar gwarzon gasa ta tafi hannun William Troost-Ekong, mai tsaron baya, duk da cewa Najeriya ta sha kashi a wasan ƙarshe da ci 2-1 a hannun Côte d'Ivoire.

Shi ne ya ɗaura kyallen kyaftin a fili, kasancewar Ahmed Musa yana benci. Najeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ba. Troost-Ekong ya ci uku: fenareti a karawar rukuni da masu masaukin baƙi, wani fenaretin a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, sai wanda ya ci da ka a wasan ƙarshe.

Abin lura a nan shi ne jagorancin nasa ya bar shaidar da za a iya nunawa. Nsue ma bai tashi hannu rabbana ba, domin ya karɓi kyautar takalmin zinare.

Ballon d'Or da Heisman

Irin wannan musu ne ya tashi ranar 28 ga Oktoban 2024, lokacin da Rodri na Manchester City ya doke Vinicius Junior a kyautar Ballon d'Or, har Real Madrid ta ƙaurace wa bikin. Rodri ɗan wasan tsakiya ne mai tsara wasa, kuma da shi Sifaniya ta ɗauki kofin Turai a shekarar. Kafin shi, Fabio Cannavaro, mai tsaron baya kuma kyaftin ɗin Italiya, ya lashe kyautar a 2006.

Masu shirya Ballon d'Or sun bayyana ma'auninsu uku: bajintar ɗan wasa, nasarar ƙungiyarsa, da ɗabi'arsa a fili. Mutum na iya ƙin yarda da sakamakon, amma ya san da me aka auna.

A Amurka ma, inda ake ba gwarzon wasan kwalejoji kyautar Heisman tun 1935, a irin ƙwallonsu da ake ɗauka da hannu, alƙaluma ba su kaɗai ke yanke hukunci ba. A 2024 Ashton Jeanty ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo, amma aka zaɓi Travis Hunter, wanda ke buga gaba da baya.

Darasi ga gasannin gida

Matsalar ƙananan gasanni ita ce sau da yawa ƙwallayen da aka ci ne kawai ake rubutawa. Mai tsaron gida da mai tsaron baya ba su da abin nunawa, sai wanda masu shirya gasa suka tuna da shi. A nan ne son kai ke samun ƙofa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Na farko, a sanar da ma'auni kafin a take wasan farko. Na biyu, a sa mutum ɗaya da littafi ko waya yana rubuta wanda ya ba da ƙwallon da aka ci, da wasannin da ba a ci ƙungiya ba, da katin gargaɗi. Na uku, a raba kyautar mai yawan ƙwallaye da ta gwarzon gasa, sannan masu horarwa da kyaftin-kyaftin su kaɗa ƙuri'a, da sharaɗin babu mai zaɓar ɗan ƙungiyarsa.

Zamfara na da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, kuma akwai gasannin ƙasa irin su NUGA ta jami'o'i da NIPOGA ta kwalejojin fasaha. Yaron da ya fara daga filin makaranta a Kucheri zai fi samun ƙarfin neman gurbi a can idan yana riƙe da takardar da ta nuna abin da ya yi, ko da bai taɓa zura ƙwallo ba.