Mai Hoton Biki Da Amanar Da Ke Wuyansa

Kowace sana'a ta biki tana da damar gyara, in ban da guda ɗaya. Tela in ya ɓata ɗinki sai ya warware ya sake. Amma mai ɗaukar hoto ba shi da wannan dama, domin ba a ɗaura aure sau biyu don kyamara ta ƙi aiki, ba a kuma mai da amarya gidan ubanta don a sake ɗaukar fitowarta.

A shekarun 1970 da 1980, babban abin da mai hoto yake tsoro shi ne ɓacin aiki. Fim guda hoto 24 yake ɗauka ko 36, saboda haka sai ya auna kafin ya danna. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke, in kuwa haske ya shiga fim ɗin, to, biki duka ya ƙone ke nan. Sai dai fa hoton da ya fito a hannun mai shi yake zama, ko a albam ko a jikin bango, ba mai ganinsa sai wanda aka shigar ɗaki.

Yau al'amarin ya juya. Kyamarar da ba ta bukatar fim, wadda Steven Sasson, injiniyan kamfanin Kodak, ya fara haɗawa a 1975, ta sa mai hoto yana iya ɗaukar dubu a yini guda. Da WhatsApp ya fito a 2009, Instagram kuma a 2010, sai ya zamana hoton da aka ɗauka a Kano da la'asar ya isa Ikko kafin magariba. Watau kan tsoron ɓacewar hoto an sami ƙarin tsoron yaɗuwarsa.

Mai karatu ya dubi inda ake shigar da wannan bawan Allah. Ranar kamu da ranar sa lalle yakan tsaya a tsakiyar mata, wurin da ko ƙanen ango ba ya kutsawa. Cikin kyamararsa akwai matar auren da ta taka rawa don farin cikin ƙanwarta, akwai budurwar da ɗankwalinta ya zame. Ba su suka ɗauko shi ba, ba su kuma yi ciniki da shi ba. In ya baza hotunansu a intanet don tallar aikinsa, shi ya sami kasuwa, su kuwa ya bar su da surutun dangin miji.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai fa in an yi wata yarjejeniya dabam. Ashe kasancewar hoto a hannun mai kyamara bai ba shi izinin yaɗa shi ba.

Gaskiya ne mai hoto yana bukatar abin nunawa, don ba a sayen aikin da ba a gani ba. Maganin wannan kuwa takarda ce. Tun ranar karɓar kafin alƙalami a rubuta wuraren da zai je, da yawan hotuna, da ranar bayarwa, da kuma waɗanda ango da amarya suka yarda ya nuna. Ya zo da kyamara ta biyu da batir na ajiya, kada kuma ya kwanta sai ya kwafe aikin yini a wuri biyu. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Su ma masu biki da nasu nauyin. Su biya cikon kuɗi a kan lokaci, su kuma nemi mace mai hoto don taron mata, tun da yanzu akwai su a manyan garuruwa. Mai hoton da ya riƙe wannan amana, gidan da ya aurar da ya, shi zai sake kiransa ranar auren ƙanwa.