Ra'ayinmu: Wanda Ya Warware Saƙa, Ya Iya Mayar da Ita?



Wasu 'ya'yanmu da suka yi karatun tauhidi suna dawowa da wata hanyar karanta Littafi Mai Tsarki da Turawa ke kira dikonstirakshan. Mu bari mu ce mata warwarar nassi. Tushenta Jacques Derrida ne, masanin falsafa na Faransa, wanda aka haifa a Aljeriya a 1930, ya rasu a 2004. A littattafansa na 1967 ya koyar cewa ma'anar rubutu ba ta zama wuri ɗaya, in ka ja zare guda sai ka ga rubutun yana warware abin da ya saƙa.

Ga misali. A Yohanna sura 4, Yesu ya bambanta wa Basamariya ruwan rijiya da ruwan rai. Amma a sura 19, shi mai ba da ruwan rai ya ji ƙishirwa a kan gicciye, ruwa na zahiri kuma ya fito daga kuiɓinsa. A 1993 wani malami, Stephen Moore, ya ce wannan ya rushe iyakar da Bisharar ta sa tsakanin abin jiki da abin ruhu.

Mu faɗi gaskiya, ya lura da abin da yawancinmu muke tsallakewa. Sai dai Yohanna ya riga ya shaida tun 1:14 cewa Kalman ya zama mutum. Haɗuwar jiki da ruhu cikin Almasihu ita ce bisharar kanta. A 20:31 kuma ya bayyana dalilin rubutunsa, wato mu ba da gaskiya mu sami rai. Marubucin da ya faɗi nufinsa ya cancanci a saurare shi.

Damuwarmu ita ce ƙananan ikilisiyoyinmu, inda mai bishara ɗaya ne ke karanta wa jama'a Maganar Allah, maƙwabta kuma suna tambayarmu ko Littafinmu abin dogara ne. In aka tsaya gaban jama'a ranar Lahadi aka ce nassi ba shi da tsayayyiyar ma'ana, da me gwauruwa za ta koma gida?

Saboda haka, dattawa, kada ku kori matashi don ya yi tambaya. Ku zauna da shi a nazarin Littafi, ku bi ayoyin tare kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11. Ku kuma matasa, duk zaren da kuka ja a aji, ku tabbata kun mayar da shi kafin ku yi wa'azi.

Ubangiji ya ba mu ganewa. Amin.