Falaki Ba Duba Ba Ne



Kwanakin baya, a Islamiyyarmu da ke unguwar Television, kudu da Kogin Kaduna, muna cikin karatun Suratu Yasin sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ilmin falaki ba shi ne duba ba?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan zato ba.

Kalmar falaki mun aro ta ne daga Larabci, wato falak. Tushenta haruffa uku ne, fa'un, lamun da kafun, kuma ma'anarsu ta asali ita ce zagaye. Larabawa na kiran gululun mazari falka, wato dunƙulen nan da ke juyawa idan kakanninmu mata suna kaɗi. Da shi ne aka ruwaito Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya kwatanta tafiyar rana da wata. Masana harsuna ma sun danganta kalmar da pilakku, sunan mazari a tsohon harshen Akkad na ƙasar Iraki. Sau biyu ta zo a Alƙur'ani: Suratul Anbiya aya ta 33 da Suratu Yasin aya ta 40. Kada a gauraya ta da falaƙ mai ƙaf, sunan sura ta 113, wanda ke nufin ketowar alfijir.

To ina duba a nan? Abin da Shari'a ta hana shi ne tanjimi, wato da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari. Falaki kuwa lissafi ne. Da shi muke gane alƙibla da lokutan salla. Shi ke bayyana mana cewa tsakanin jinjirin wata da na gaba kwana 29 da rabi ne a kimance, shi ya sa watanmu ke yin kwana 29 ko 30.

Ra'ayina shi ne, duk Islamiyyar da ke koyar da hukuncin ganin wata, ya kamata ta koyar da yadda watan ke tafiya. Idan muka guje wa falaki don tsoron bokanci, mun bar wa boka filin da ba nasa ba, kuma 'ya'yanmu za su girma suna ɗaukan sararin sama abin tsoro maimakon abin tunani.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani. Wallahu a'alam.