DOKA DA KASUWA: Wanda ya sayi depo, me ya saya?

Unguwar Gamkalle, da yake tana maƙwabtaka da yankin masana'antu na birnin Yamai, ba ta rasa masu depo: wannan na lemu, wancan na iskar gas, wani na siminti. Akasarinsu wakilan wani babban kamfani ne da ke ba su kaya a kan farashin sari, wani sa'i ma bashi. Idan tsufa ko karayar jari ta zo, sai mai depo ya nemi mai saye, a kira shedu biyu, a yi sallama, a karanta Fatiha, a miƙa makulli. A idon jama'a ciniki ya ƙare kenan. A idon doka kuwa ko farawa ba a yi ba.

Dokar da ke hukunci a wannan fanni ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka rattaba wa hannu ranar 17 ga Oktoba 1993 a birnin Port-Louis, kuma Nijar na cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita. Kundinta na kasuwanci ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1998, aka sake gyara shi a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Abin da Bafaranshe ke kira "fonds de commerce", a cewar wannan kundi, shi ne masu sayayya da suka saba da wurin, haɗe da sunan shagon ko alamarsa. Sikeli, kantoci, hajar da ke ajiye da haƙƙin haya duk suna iya biyo baya, amma ginin kansa ba ya ciki.

To, ina wakilcin kamfani? A nan gizo ke saƙa. Kundin bai keɓe wani babi ga dilan da ke sayen kaya daga kamfani yana sayarwa da sunansa ba. Abin da aka rubuta cikin yarjejeniyar ɓangarorin biyu shi ne abin bi. Ita kuwa irin wannan yarjejeniya, kamfani yana ƙulla ta ne da mutum saboda ya san shi, ya san amanarsa da ƙarfin jarinsa. Don haka ba ta bin makulli zuwa hannun wani sai da yardar kamfanin, kuma galibi akwai ayar da ta faɗi haka ƙarara, a shafin da ba kowa ke karantawa ba. Mutumin da ya zuba miliyoyin sefa saboda ya ga manyan motoci na sauke kaya a ƙofar depo kowace Litinin, bai kuwa riƙe takardar amincewar kamfani ba, ya yi cinikin biri a sama: ranar da kamfanin ya ga dama sai motar ta wuce zuwa ƙofar wani, a bar shi da akwatunan kwalabe da fenti a bango. Kamata ya yi a rubuta cikin takardar ciniki cewa sayen ba ya tabbata sai kamfani ya amince a rubuce.

Ita kanta takardar cinikin, ko a gaban noter aka yi ta ko tsakanin mutum biyu, aya ta 150 ta tilasta a bayyana lambar rajistar kasuwanci, da jinginar da ke kan shagon, da yawan cinikin da aka yi da ribar da aka samu a shekaru 3 na baya, da sunan mai gidan haya, da farashi. Idan mai sayarwa ya ɓoye wani abu mai nauyi har ya jawo asara, mai saye na da shekara 1 ya nemi kotu ta rushe cinikin. Tambayar ita ce: masu depo nawa ne ke riƙe da littafin lissafi na shekaru uku wanda ba don mutanen haraji aka tsara shi ba? Wanda ya saba rage cinikinsa a takarda, ranar sayarwa shi ne zai ga darajar shagonsa ta ragu da hannunsa.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi ba ƴan kasuwa haushi. Doka ba ta yarda a danƙa su hannu da hannu ba. Ana ajiye su wurin noter ko banki, a buga sanarwa cikin kwanaki 15 a jaridar da aka ba izinin buga sanarwar shari'a, irin su Le Sahel, sannan a jira kwanaki 30. A cikin wannan wa'adi ne duk mai bin tsohon mai shago bashi zai fito ya tare kuɗin, kuma sau da yawa kamfanin nan da ya ba da kaya bashi shi ne na farko a layi. Wanda ya yi gaggawar biya a asirce, bai da abin kare kansa a gaban kotun kasuwanci ta Yamai, wadda dokar 2015 ta kafa. Haka kuma duk wata takardar bayan fage da aka yi don ɓoye wani sashe na farashi, doka ta ɗauke ta banza.

Mai gidan haya shi ma sai an sanar da shi a hukumance. Yana da wata 1 ya ƙi, in yana da hujja mai ƙarfi kamar bashin haya.

Idan rasuwa ce ta raba mai depo da deponsa, rabon gado yana bin al'ada da addinin mamacin, shagon kuma ya shiga cikin dukiya kamar gona ko gida. Amma lambar rajista ta mutum ce, ba ta gado ba: magada na da watanni 3 su nemi a soke ta, ko a gyara ta da sunan wanda zai ci gaba. Yaron da bai kai shekarun mallakar kai ba, doka ba ta ɗauke shi ɗan kasuwa ba. Kamfani kuma ba dole ne ya karɓi babban ɗa a madadin uba ba, sai in yarjejeniya ta tanadi haka, abin da ya sa dattawa masu hangen nesa ke gabatar da magajinsu ga kamfani tun suna da rai, su sa sunansa a takarda.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, waɗanda ba su rasa sha'awar depo idan ritaya ta ƙarato, aya ta 9 ta hana su kasuwanci muddin suna bakin aiki. Dabarar da aka saba ita ce a sa sunan ƙane ko na uwargida. Sai dai a rajista da wurin kamfani, wanda sunansa ke rubuce shi ne mai depo, kuma ranar da zumunci ya yi tsami, wannan takarda ce alƙali zai fara buɗewa.