Dashen gashi ya halatta, amma yaushe sanƙo ya zama aibi?

  

Akwai wata tambaya da a da ba a jin ta sai a bakin attajiran birni da 'yan ƙwallon Turai, amma yau wayar hannu ta sauko da ita ƙasa, ta kai ta har rumfunan kasuwar Darki da ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Saurayi yana cikin latsa waya sai tallar wani asibitin Istanbul ta faɗo masa da hoto biyu: a na farko kai ne tal kamar bayan ƙwarya, a na biyu suma ta cika har goshi. Sai ya kai hannu ya shafa tsakar kansa, ya ji wurin ya fara sulɓi, sai ya nemi malam: shin dashen gashi ya halatta?

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu fara da aikin kansa. Sanƙon da ya fi yawa a maza na gado ne. Wani sinadari da jikin namiji ke samarwa, wanda likitoci ke kira DHT, shi ke ƙanƙantar da tushen gashin goshi da na tsakar kai sannu a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri, har ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa ba ya cika jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo kansa ya share amma ƙeyarsa na nan da gashinta. Wani likitan fata a New York mai suna Norman Orentreich ya wallafa a 1959 cewa idan aka ɗauko tushen gashi daga ƙeya aka dasa a gaba, yana riƙe da ɗabi'arsa ta ƙeya. A kan wannan aka gina sana'ar baki ɗaya, ko da yake likitan Japan Shoji Okuda ya riga shi yin irin wannan dashe tun 1939 ga waɗanda suka ƙone. Hanya biyu ake bi: ko a yanko ɗan siririn fatar ƙeya a rarraba tushen da ke ciki a ɗinke wurin, ko a riƙa tsinto tushen ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar na'ura, wanda ake ce wa FUE. Duk manomin rani a ƙasar Wudil ya san wannan aiki, domin haka yake cire tumatir ko albasa daga wurin reno ya kai fage. Bambancin kawai, shi manomi yana iya sake zuba iri. Tushen da aka cire daga ƙeya ba ya sake tofowa a wurin.

To, da wannan sura, hukuncin bai da wahala. Abin da ke sa wasu ɗari-ɗari shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA), na matar da 'yarta amarya ta yi ƙyanda gashinta ya zube, ta nemi izinin yi mata ƙarin gashi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma la'anci mai yin ƙarin da wadda ake yi wa. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ma ta kawo wannan hani. Sai kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ba da labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su canja halittar Allah. Amma ƙarin gashi jingina wa kai abin da ba nasa ba ne don a rufe idon mai kallo. A dashe kuwa, gashin mutum ne, daga kansa aka ɗauko, a kansa aka mayar, yana tsiro, ana aske shi, yana furfura. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1988 cewa ya halatta a ɗauki wani sashe na jikin mutum a dasa a wani wuri na jikinsa, matuƙar amfanin ya rinjayi cutarwa. A zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007 kuma, ta ambaci dashen gashi da sunansa a cikin ayyukan gyaran jiki da suka halatta, ta ce musamman ga mace. Shaikh Ibn Usaimin ma ya ba da fatawar halasci, yana mai cewa mayar da abin da Allah Ya halitta ne da kawar da aibi. Kuma tun kafin su akwai Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka sare wa hanci a wani yaƙin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Mu dai ba mu ga wata ƙofa ta haramta dashe ba, kuma ba ma goyon bayan mai wa'azin da zai hau mumbari ya jefa wanda ya yi shi cikin la'anar masu ƙarin gashi.

Sai dai duk waɗannan fatawoyi a kan kalma ɗaya suke tsaye, wato aibi. A nan ne muke so mu ɗan daɗe.

Babbar hujjar da ake kafawa ita ce hadisin Abu Huraira (RA) a Bukhari da Muslim, na mutum uku daga Bani Isra'ila da Allah Ya jarraba: mai albaras, da mai ƙora, da makaho. Mala'ika ya tambayi na biyun abin da ya fi so, ya nemi gashi mai kyau da rabuwa da abin da ya sa mutane ke ƙyamarsa. Aka shafe shi ya warke, aka kuma ba shi saniya mai ciki. Kalmar da aka yi amfani da ita ga wannan mutum a Larabci ita ce aƙra'u, wanda cuta ta cinye wa gashin kai har mutane ke gudunsa. Mai sanƙo na yau da kullum sunansa daban, asla'u ake ce masa. Kuma da wannan kalma ta biyu marubuta tarihi suka siffanta Sayyidina Umar da Sayyidina Ali (RA). Ba mu taɓa jin an lissafa wannan siffa a cikin abin da ya rage musu kwarjini ba. Hausa ma ta raba su, ƙora daban, sanƙo daban. Mai ƙora ake wa magani. Mai sanƙo kuwa tsokanarsa ake yi cewa arziki ne ya kusa.

Mu dubi ƙasar da muke ciki. Bahaushe mutum ne mai aski da hula. Tun ranar suna wanzami ke fara sa masa aska, kuma har ya tsufa idan ya bar suma ta taru sai an tambaye shi ko lafiya. Ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a a Darki ko Wudil ka ƙirga kawunan da ba hula, za ka gama da wuri. Mahajjaci da aski yake sauke harami, kuma Annabi (SAW) ya yi wa masu askewa addu'ar rahama sau uku kafin ya ambaci masu saisaye. A irin wannan al'umma, mutum yakan yi shekara ashirin yana ciniki da abokinsa bai san ko yana da sanƙo ba. Shari'a tana komawa ga al'adar mutane wajen gane abin da ake ɗauka aibi, kuma al'adarmu ba ta ɗauki sanƙon namiji aibi ba. Malamanmu na Malikiyya da suka lissafa aibobin da ke bai wa mace zaɓin rabuwa da miji sun ambaci hauka da kuturta da albaras da lalurar gaba, sanƙo ba ya ciki. Saboda haka damuwar da yawancin samarinmu ke ji shigo da ita aka yi. Tun da ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya bayyana a 2011 cewa ya yi dashe yana ɗan shekara 25, abin ya tashi daga sirri ya koma ado, kasuwarsa ta buɗe, Turkiyya ta zama babbar cibiyarsa. Mai talla kuwa sai ya fara sa ka ji kunyar kanka kafin ya sayar maka da magani.

Ba muna raina damuwar kowa ba ne. Akwai wanda wuta ko tafasasshen ruwa ya ƙona wa kai tun yana yaro, akwai wanda hatsarin mota ya bar wa tabo, akwai matashin da gashinsa ya zube da wuri har ya daina shiga mutane. Ga irin waɗannan dashe magani ne, kuma idan suna da hali mu ne na farko da za mu ce su je. Yi musu dariya ma laifi ne da Suratul Hujurati ta hana.

Wanda yake tsakiya, wato mai sanƙon gado da yake ta kai-komo a zuciyarsa, shi muke so ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Idan muka ƙaddara kuɗin aikin a dala 2,000 kawai, a canjin da ya yi ta yawo kusa da Naira 1,500 a 2025, Naira miliyan 3 ke nan, ba a sa tikitin jirgi da biza ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato albashin fiye da shekara uku da rabi. Kujerar Hajjin 2025 ta haura Naira miliyan 8, don haka kuɗin dashe ya haura kashi ɗaya cikin uku na kujerar wanda bai sauke farali ba. Mai wadata da ya biya zakka, ya sauke haƙƙin iyali, ba ya da bashin kowa, dukiyarsa ce, ba mu da ta cewa. Amma wanda zai kora bijiman noma zuwa Kara ranar Juma'a, ko ya jinginar da gona, ko ya ci bashi mai ruwa don wannan, ya ɗauki halas ya hau da shi kan hanyar haram. Abin lura, a hadisin mutum ukun nan ba a kama mai ƙora da laifin neman gashi ba. An kama shi ne daga baya, ranar da shanunsa suka cika kwari, mabuƙaci ya zo masa a irin kamanninsa na da, ya hana shi, ya ce dukiyar gado ya yi.

Sannan akwai abin da talla ba ta faɗa. Dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashin da aka dasa yana zama, amma na asali da ke kewaye da shi yana ci gaba da zubewa, shi ya sa likitocin kirki ba sa son yi wa ɗan shekara ashirin da 'yan kai, don kada nan da shekara goma ya wayi gari da tsibirin gashi a goshi da fili a bayansa. Gashin da aka dasa yakan zube a makonnin farko, ya fara dawowa bayan wata uku ko huɗu, ba a ganin cikakken sakamako sai kusan shekara. Yawanci akan ɗora mutum a kan minoxidil ko finasteride, waɗanda amfaninsu ke tafiya idan aka daina. Shi finasteride yana rage wa wasu maza sha'awa, kuma an hana mace mai ciki taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Wannan ya shafi haƙƙin uwargida, bai kamata a fara shi a ɓoye mata ba. Mu baƙar fata muna da ƙarin matsala biyu: tushen gashinmu a lanƙwashe yake a ƙarƙashin fata, yana saurin yankewa a hannun wanda bai saba da shi ba, kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tasowa. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da likita sai a allon ƙofa, aikin kuwa waɗanda ba likitoci ba ke yi. Duk wanda zai tafi ya tambayi sunan wanda zai riƙe wuƙar, ya kuma nemi ganin aikinsa a kan kai irin nasa.

Ɗalibai su lura da ɓangaren ibada, domin a nan ake yawan tuntuɓe. A mazhabarmu shafar kai duka farilla ce a alwala, cuɗawa kuma farilla ce a wanka, alhali a kwanakin farko bayan dashe likita zai hana goga wurin. Hukuncin mai rauni ne ya hau kansa: ya yi shafa a kan bandeji, idan hakan ma zai cutar ya duba babin taimama, idan an hana shi sunkuyo ya yi nuni a sujada. A tambayi malami kafin a tafi, kada a bari sai an dawo ana neman yadda za a rama salloli. Hular gashi da ake mannawa da gam kuwa, wadda wasu masu aski a birane suka fara yi wa maza, ita ce ta faɗa cikin hanin ƙarin gashi, ga shi kuma tana tare ruwa daga isa fatar kai. Dasa zaren roba a fata shi ma ba dashen da malamai suka halatta ba ne, hukumar magunguna ta Amurka ta haramta shi tun 1983 saboda cutar da yake jawowa.

Idan kuwa maganar gashi ce ta dame mu da gaske, mai ƙorar hadisi yana nan a tsakaninmu, sai dai yaro ne. A leƙa makarantun allo da na firamare a Darki da ƙauyukan da ke kewaye, a dubi kawunan yara masu farin makero. Cuta ce da ke yaɗuwa ta aska ɗaya da hula ɗaya da tabarma ɗaya, idan ta yi tsanani ta ruru da mugunya tana kashe tushen gashi ta bar tabon da ba zai sake tsiro ba har abada. Man shafawa kaɗai ba ya isa gare ta, sai an haɗa da maganin sha irin su griseofulvin na tsawon makonni bisa umarnin likita, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na tikitin Istanbul ba. Iyaye da alarammomi su kai yaran asibiti tun tabon yana ƙarami, wanzamai kuma su riƙa sauya reza tsakanin kai da kai.