Sabon Gwauro A Diobu: Rana Ba Ta Taya Ka Wanki A Nan

A wannan mako filin namu zai bar manyan maganganu ya koma kan tsintsiya da sabulu, kuma ina roƙon wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe.

Cikin daminar bana aiki ya kai ni Fatakwal, na ce ba zan baro garin ba sai na leƙa wani ƙanena, ɗan baffana, wanda a lokacin watansa huɗu da barin Katsina. Ya kama ɗaki guda a Mil 2, cikin unguwar Diobu, ba nisa da Titin Ikwerre, yana taya wani mai tsire aiki. Gidan irin wanda ɗakuna ke jere suna kallon juna ne, da siririn lungu a tsakiya, makewayi ɗaya da wurin wanka ɗaya ga mutanen gida duka. Yana buɗe ƙofa wani tsami ya tarye ni, irin na rigar da aka manta da ita a baho. A jikin ƙusa ga farar shaddar da babarsa ta ɗinka masa ta sallah, duk ta yi ɗigo-ɗigon baƙi tun daga wuya har aljihu. Na ɗaga katifarsa, sai ga ƙarƙashinta sharkaf kamar an yayyafa ruwa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya, kullum sai na yi shara."

Gaskiya ya faɗa, domin ko tsinke babu a ƙasa. Ba ƙazami ba ne. Abin da ya same shi shi ne abin da ke samun yawancin samarinmu da ke sauka Fatakwal ko Anaca ko Inugu: sun taho da tsabtar Arewa zuwa ƙasar da ba ta san da ita ba.

A gida abokin gabarmu ƙura ce, rana kuwa baiwarmu ce da ba ta karɓar lada. Ka yi wanki da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙarau. Ka zubar da ruwa a tsakar gida, kafin ka juya ƙasa ta shanye. Fatakwal ba haka take ba. Gari ne da Turawa suka kafa a bakin kogin Bonny domin fitar da kwal ɗin Inugu, suka raɗa masa suna a 1913, kuma fadama da rafuka ne suka kewaye shi. Ruwan da ke sauka a can cikin shekara ya haura milimita 2,000, alhali Kano da Katsina a yawancin shekaru ba su samun rabin haka, kana damina takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. Tufa kuwa ba zafi kaɗai ke busar da ita ba, iska ce ke ɗauke ruwan da ke jikinta. To, idan iskar kanta ta ƙoshi da ruwa, ina za ta kai naka? Wannan shi ne sirrin al'amarin duka. A Diobu tsabta ba ta tsaya ga wankewa ba, rabinta busarwa ce.

Saboda haka mu fara da wanki, tun da a nan ne aka fi yin hasara. Saurayin da ya tashi ƙannensa mata na yi masa wanki, ko almajirin gidansu, yakan tara kaya har mako biyu a lungu sa'an nan ya tasam musu rana guda. A Diobu wannan ganganci ne. Rigar da ta sha gumi, in aka dunƙule ta aka jefa a kwana, kwana ɗaya ko biyu sun isa fumfuna ta fara kama ta, kuma tulin kaya ashirin ba su da inda za su bushe a gidan da mutum goma ke rabon igiya ɗaya. Gara wanki kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a mako, da sassafe, domin kayan su sami yinin duka. Rigar da aka tuɓe kuma a rataye ta ta sha iska kafin ranar wankinta ta zo.

Wankin kansa ba shi da wuya. A ware farare daban, masu launi daban, domin shadda mai rini takan zuba, kuma in ta zuba a kan farin yadi magana ta ƙare. A jiƙa kayan cikin ruwan omo kamar rabin sa'a, ba kwana guda ba; a cuɗa wuya da hammata da bakin hannu da sabulun sanda; a ɗauraye sau biyu, har sai ruwan ya daina kumfa. Sabon shiga yakan zaci yawan omo shi ne yawan tsabta, ya zuba rabin leda a bokiti ɗaya. Sabulun da bai fita ba shi ke sa tufa ta yi tauri, ta riƙe datti, ta jawo ƙaiƙayi, ga kuma ɓarnar ruwa a unguwar da mutane da yawa saye suke yi a jarka, daga rijiyar burtsatsen maƙwabta ko hannun 'yan ga-ruwa. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kada a zubar, shi za a goge ɗaki da shi.

Tabo kuma kowanne da maganinsa, kuma sana'o'in mutanenmu a can masu tabo ne. Mahauci ya sani jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi, domin ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna daram. Mai tsire da mai shayi kuwa akasin haka: maiƙo da manja sai a goga musu sabulu tun tufar na bushe, a bari ya ɗan jima, sa'an nan a bi da ruwan ɗumi. Hular kuɓe dai a kai wa mai wankin hula. Na ga wadda aka cuɗa a baho, ta fito kamar jakar goro.

Sai shanya. A matse kaya sosai, a kakkaɓe, a baza su ɗaya-ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba, a juya aljihu waje. In ruwa ya tsare, a ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska ke wucewa. In tilas ta sa sai cikin ɗaki, to a buɗe taga, a kunna fanka idan akwai wuta. Wanda ya rataye jiƙaƙƙun kaya ya kulle ƙofa da taga ya tafi kasuwa, ruwan bai tafi ko'ina ba, ya dai tashi daga riga ya koma bango da katifa. Kuma kada a ninke tufa a sa a akwati sai an taɓa ɗinkin wuya da ƙugun wando an ji sun bushe, domin nan ne damshi ke ɓuya.

Akwai abu guda da nake so kowane uba ya gaya wa ɗansa kafin ya hau motar Kudu. A gida mun saba baza wanki a kan yashi ko ciyawa ko katanga. A ƙasashe masu damshi akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, wanda macensa ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa da fitsari ya taɓa, ko a jikin jiƙaƙƙiyar tufa. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma da zarar an sa rigar tsutsar ta huda fata ta shige. Sai mutum ya ga ƙurji kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, yana jin abu na motsi a ciki. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti, kada ya tsaya matsa da ƙarfi. Riga-kafinsa kuwa ba shi da tsada: shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba, sa'an nan guga mai zafi ciki da waje, har singileti da gajeren wando da zanen gado, domin zafin dutsen guga na kashe ƙwan. Watau guga a can ba ado ba ce kawai. Amma mai dutsen gawayi ya hura shi a waje, ya kuma kashe shi a waje. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuwa kashe mai barci, kamar dai hayaƙin janareta.

Ɗakin kansa, tun da guda ne, aikinsa bai kai na minti goma sha biyar a rana ba in ba a bari ya taru ba. Katifa kada ta kwanta a kan siminti kai tsaye. Ko katako ne a samu a ɗora ta, kuma duk ranar da rana ta leƙo a fitar da ita, ko a jingine ta a bango. Akwati da buhun abinci a ɗora su a kan bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, domin iska ta zaga, kuma domin ranar da kwata ta cika ta shigo lungu kada ta tarar da su a ƙasa. Takalmin fata da ɗamara su ma suna yin fumfuna, a riƙa fito da su. Taga a buɗe ta kowace safiya.

Ita shara ma sai an sake koyonta. Daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka wayi gari wani baƙin toka na sauko musu daga sama, yana kwanciya a kan motoci da shanya da tafin ƙafar yara, har cikin hanci. An danganta shi da matatun mai na ɓoye da ke cikin fadamu, waɗanda mutanen wurin ke kira kpofire, da kuma ƙone ɗanyen man da aka kama. A Janairun 2022 gwamnan Jihar Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya sa aka shiga farautar waɗannan matatu. Darasin da matan garin suka koya a waɗannan shekaru yana da amfani har ga hayaƙin motocin Titin Ikwerre: irin wannan baƙi ba a kaɗe shi da busasshen tsumma, domin tashi yake yi ka shaƙa, ya sake sauka. Jiƙaƙƙen tsumma ake bi da shi, daga sama zuwa ƙasa, taga da kan akwati tukuna, daɓe daga ƙarshe, sa'an nan a bar ƙofa a buɗe har ya bushe.

Kwano kuwa ba ya kwana da miya. Garin kwaki da shinkafa a zuba su a roba mai murfi, ba don kyankyaso kaɗai ba: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake kama mutum. Duro da bokitin ajiyar ruwa a rufe su, a kuma juye a wanke kowane mako, domin sauro kwana 7 zuwa 10 kawai yake bukata daga ƙwai zuwa mai cizo.

Gargaɗi ɗaya game da magungunan wanke-wanke. Ruwan bilic, irin su Hypo da Jik, yana da kyau ga farare da makewayi in an sirka shi da ruwa, amma yana cinye launin shadda. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da maganin wanke masai irin su Harpic da nufin ƙara masa ƙarfi. Haɗuwarsu na tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, balle a ɗan makewayin da ba shi da taga.

Na zo kan abin da ya fi damuna. A irin waɗannan gidaje akwai juyi: yau ɗaki kaza ne da sharar lungu, gobe ɗaki kaza ne da wankin makewayi. Da na tambayi ƙanena ranar juyinsa, sai ya yi dariya ya ce ai shi ba ya yini a gida, kuma wannan aikin mata ne. Haba! A gidan babanka ne aikin mata, inda akwai matan. A nan maƙwabtanka Ikwerre ne da Ibo da Ogoni da Kalabari, kuɗin haya ɗaya kuke biya, kuma ba wadda aka ɗaura mata aure da kai a cikinsu. In ka tsallake juyinka ba za su ce wane ya ƙi wanke makewayi ba, domin ko sunanka ba su riƙe ba. Cewa za su yi aboki ya ƙi. Gobe wani yaron ya zo daga Sakkwato neman ɗaki, mai gida ya ce babu, bai san bashin wa yake biya ba. Mu da muke riƙe da buta sau biyar a rana, bai kamata a same mu a baya wajen wanke inda muke zuba ruwan ba. Haka kuma sharar Asabar ta ƙarshen wata, wadda ta samo asali tun zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon a 1984 da 1985: duk ranar da unguwa ta fito yasar kwata, a gan ka da shebur. Ledar da ka jefa a kwata ita ce za ta toshe ta, ruwan kuma ƙofarka zai fara nema.

Laifin dai ba na yaran ba ne su kaɗai. Mukan sallami yaro da addu'a da kuɗin mota da ƙullin kilishi, amma ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya ga ya wanke rigarsa da hannunsa ko sau ɗaya.

Kafin in tafi muka fitar da katifar, muka sayo bulo huɗu da igiya a kasuwar Mil 1, na kuma raka shi wurin matar da ke riƙe da lissafin juyi, ya ce mata a sa shi ranar Talata. Da zai raka ni tasha sai ya ɗauko shaddar nan ya ce, "Yaya, wannan fa, za ta fita?" Na duba ta da kyau. Fumfunar ta riga ta ci zaren. Na ce masa ya yanka ta gida huɗu, ya sami tsumman goge taga, ni kuma zan san abin da zan gaya wa babarsa.