Dukiya a cikin dattin mai

A unguwar Malam Inna da ke Gombe, mai matsar gyaɗa ba ta zubar da tunkuza. Ƙuliƙuli take yi da ita. Ya kamata masu manyan injinan tace mai su yi koyi da ita.

A waɗannan injinan, wajen cire wari daga man gyaɗa, waken suya ko angurya, tururi kan fito da wani ruwa mai duhu da kauri. Cikinsa akwai bitamin E da sinadaran tsiro masu rage kolastarol, waɗanda kamfanonin ƙetare ke tsamowa, mu saya da tsada a kantin magani. Abin yana mana ciwo.

Jami'ar Jihar Gombe, da aka kafa a 2004, tana maƙwabtaka da unguwar. Muna kira ga sashenta na sinadarai ya ɗebo wannan datti ya auna, ya koya wa ɗalibai tace shi.